Tambayoyi da Amsoshi Kan Gwada Takardar Auna Ingancin Barci Bayan An Mayar da Ita Hausa

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan dawowa wurina daga ɗaliban kiwon lafiya da ma'aikatan jinya da matasan likitoci a Birnin Kebbi. Duk matsalarsu ɗaya ce: suna son yin bincike kan barci, takardar tambayoyin da ke hannunsu da Turanci take, marasa lafiyar da ke zaune a bencin asibiti kuwa Hausa suke ji. Mafi yawan misalan daga takardar auna ingancin barci ta PSQI (Pittsburgh Sleep Quality Index) na ɗauko su, don ita aka fi zuwa mini da ita.

Wace takarda ce PSQI, kuma me take aunawa?

Takardar tambayoyi ce da Daniel Buysse da abokan aikinsa na Jami'ar Pittsburgh a Amurka suka fitar a 1989. Tana tambayar mutum yadda barcinsa ya kasance a cikin wata guda da ya wuce. Tambayoyi 19 mutum ke amsawa da kansa, sai wasu 5 da abokin kwanansa ke amsawa, amma waɗannan biyar ba sa shiga lissafin maki.

Ana tattara amsoshin zuwa sassa 7: yadda mutum ke ganin kyawun barcinsa, tsawon lokacin da yake ɗauka kafin barci ya kwashe shi, awannin da yake barci, kason lokacin kwanciyarsa da ya tafi a barcin gaske, abubuwan da ke katse masa barci, shan maganin barci, da tasirin abin a kansa da rana. Kowane sashe daga 0 zuwa 3 yake, jimilla daga 0 zuwa 21. Yawan maki alamar lalacewar barci ne. Wanda ya haura 5 ana lissafa shi cikin masu matsalar barci, amma duba amsar da ke kan iyakar maki 5 a ƙasa kafin ka ɗauki wannan adadi ka dasa a Kebbi.

Malam, mene ne bambancin aminci da sahihanci? Kullum sai na haɗa su.

Ka ɗauki sikelin mai sayen shinkafa a kasuwar Jega. Ka aza buhu, ya nuna kilo 48. Ka sauke ka sake azawa, 48. Gobe yaronsa ya aza, 48 dai. Wannan sikeli amintacce ne, maganarsa ɗaya. To idan ainihin nauyin buhun kilo 50 ne, sikelin ba sahihi ba ne, kullum yana cin manomi kilo biyu, kuma tsayawarsa kan magana ɗaya ba ta wanke shi ba.

Haka takardar tambayoyi take. Aminci shi ne ta ba da amsa iri ɗaya muddin halin mutumin bai canja ba. Sahihanci shi ne abin da take aunawa ya zama barcin ne da gaske, ba kunya ko ladabi ko rashin fahimtar tambaya ba. Takarda na iya zama amintacciya ba sahihiya ba, kamar wancan sikelin. Amma wadda yau ta ce fari gobe ta ce baƙi ba ta da hanyar zama sahihiya, shi ya sa ake fara duba aminci.

An riga an gwada ta a Amurka ta yi kyau. Me ya sa zan sake wahala?

Saboda abin da aka gwada a can shi ne wasu kalmomin Turanci a kunnen wasu mutane. A binciken farko mutum 168 ne: 52 masu lafiya, 54 masu ciwon damuwa, 62 masu zuwa asibiti da matsalar barci. Da ka mayar da takardar Hausa, kalmomin sun canja, masu amsawa sun canja, yanayin kwanansu ma ya canja. Manomin fadama a Argungu da ke kwana a tsakar gida da bazara, ya tashi sallar asuba, ya ɗan koma, ba ya cikin waɗancan mutum 168.

Ko ba a fassara ba, sauya wuri kaɗai na taɓa sakamako. Aloba da abokan aikinsa sun gwada takardar a kan ɗaliban jami'a a Ile-Ife, suka wallafa a 2007, ƙarfinta na raba mai matsala da mai lafiya bai kai wanda aka samu a Pittsburgh ba. Waɗannan kuwa ɗalibai ne da suka saba da Turanci da agogo.

Sai na nemi izini kafin in fassara?

E. Haƙƙin mallakar PSQI na Jami'ar Pittsburgh ne, fassarorinta kuma ana samunsu ta hannun wata cibiya mai suna Mapi Research Trust. Ka rubuta musu tun kafin ka fara, ka tambaya ko akwai fassarar Hausa a ajiye da sharuɗɗan yin sabuwa. Mujallu da yawa na tambayar shaidar izinin. Ban da wannan akwai amincewar kwamitin ɗa'ar bincike na asibitin da za ka yi aikin ko na ma'aikatar lafiya ta jiha, kuma shi ma kafin a yi wa mutum ko ɗaya tambaya ake karɓo shi.

Yaya ake fassarar da masu duba aiki za su yarda da ita?

Tsarin da aka fi bi shi ne wanda Beaton da abokan aikinta suka wallafa a shekarar 2000. Mutum biyu da Hausa ce harshen da suka tashi da shi za su fassara, kowa shi kaɗai. Ɗaya ya san harkar lafiya da manufar takardar, ɗayan kuma bai sani ba, don shi ne zai kawo maganar da talaka ke yi. Sai su zauna su haɗa fassara ɗaya, a rubuta duk inda suka saɓa da yadda aka sasanta. Daga nan wasu mutum biyu da ba su taɓa ganin ta asali ba su mayar da Hausar zuwa Turanci. Kwamiti ya zauna da dukkan takardun ya fitar da wadda za a kai gwajin farko.

Mayarwa Turanci na kama kuskure babba, kamar a juya ma'ana ko a tsallake wani yanki. Abin da ba ta kamawa shi ne Hausa mai tauri. Fassarar da aka bi kalma da kalma ita ce ta fi komawa Turanci sumul, ita ce kuma tsohuwa daga Bunza za ta saurara ta ce, "Ɗana, sake faɗi." Don haka kada murnar dacewar takardun Turanci biyu ta sa ka tsallake matakin gwajin farko da na yi bayaninsa a ƙasa.

Wace Hausa zan yi amfani da ita? Mu nan ba "barci" muke cewa ba.

Wannan tambaya ta fi yadda ake ɗaukarta nauyi. Daidaitacciyar Hausa ta ce barci, bakin mutanen Kabi da Sakkwato da Zamfara ya ce kwana: "ina jin kwana", "shina kwana". Duk wanda ke sauraren rediyo ya san barci, don haka rubuta shi ba laifi ba ne. Haɗarin yana wajen mai fassara da ya ɗauko "kwana" don ya kusanci mutane, ya manta kalmar na da wasu ma'anoni: yini da dare guda, da wucewar dare a wani wuri ko da ido biyu, da kuma rabon kwana a gidan mai mata fiye da ɗaya. "Awa nawa kike kwana?" na iya jawo amsar tsawon dare gaba ɗaya, alhali awannin barcin gaske ake nema.

Shawarata ita ce a rubuta takardar da daidaitacciyar Hausa, a yi wa masu tambaya ɗan littafin jagora mai ɗauke da kalmomin da aka yarda su maye gurbi idan mutum bai gane ba. Kowa ya yi amfani da waɗannan kaɗai. Idan aka bar kowane mai tambaya ya fassara da bakinsa a nan take, takarda biyar kake gwadawa ba ɗaya ba.

Waɗanne tambayoyi ne suka fi ba da wahala a Hausa?

Ta farko ita ce wadda ke cewa mutum ya kimanta barcinsa gaba ɗaya. Da Hausa tana kama da gaisuwa. Tun muna yara aka koya mana amsar "Ina kwana?" ita ce "Lafiya lau", ko da an kwana ana jinya. Na taɓa zama kusa da wata ma'aikaciyar jinya tana tambayar wani dattijo, hularsa a gwiwa, carbi a hannu. Ta ce, "Baba, yaya barcinka a watan nan?" Ya ce, "Alhamdu lillahi." Ta kai biro za ta yi alama a kan "mai kyau sosai". Na roƙe ta ta tambaye shi daren jiya. Sai ya ce tun da aka yi kiran sallar farko idonsa biyu, kafin nan ma ya fita fitsari sau huɗu, ƙafarsa na zogi. Bai yi ƙarya ba da farko, godiya ya yi wa Allah. Dole tambayar ta zo da gabatarwa da za ta raba ta da gaisuwa, a kuma karanta masa zaɓin huɗu duka kafin ya amsa.

Ta biyu ita ce ta maganin barci. Takardar na nufin wanda likita ya rubuta da wanda aka saya a kemis. Mutumin da ke shan Piriton don ya samu barci sau da yawa ba ya kiransa maganin barci, na mura ne a wurinsa. Wani kuma rubutu yake sha ko jiƙo. Kwamiti ya yanke tun farko abin da za a ƙirga, a rubuta shi a jagora. Sai tambayar gyangyaɗi yayin tuƙi ko cin abinci ko zama cikin jama'a: matar da ba ta tuƙi za ta ce "ban da mota" ta rufe maganar, don haka misalan su zama irin zaman majalisa, gidan biki, sauraren wa'azi, hawa babur. Tambayar ƙarshe kan ƙwarin gwiwar gudanar da ayyuka ma sai an auna tsakanin karsashi da kuzari da rashin kasala, don ba abu ɗaya suke nufi ba.

Akwai kuma gurbin "wasu dalilai". Kada ka raina shi. A nan sauro zai fito, da kukan jariri, da ƙarar janareta, da dannau. A wasu ƙauyukan masarautar Zuru abin da za ka ji shi ne tsoron 'yan bindiga, mutum ya kwana kunnensa na waje. Ka rubuta amsoshin da kalmomin masu su, domin su ne za su nuna maka abin da takardar ba ta tanada ba.

Mutumin da ba ya duba agogo fa, yaya zai faɗi ƙarfe nawa yake kwanciya?

Tambayoyi huɗu na farko lokaci suke nema: yaushe ka saba kwanciya, minti nawa kafin barci ya ɗauke ka, yaushe kake tashi, awa nawa kake barci. Da su ake fitar da sassa uku cikin bakwai, don haka kuskure a nan ya shiga jimilla sosai. Mutanenmu da sallah suke auna dare. Ka karɓi "bayan isha'i da kaɗan" ko "da kiran farko", ka mayar da shi agogo da jadawalin lokutan sallah na garin a wannan watan. Dukkan masu tambaya su yi aiki da jadawali ɗaya.

Ga lissafin. A ce mutum na kwanciya ƙarfe 10 na dare ya tashi 5 na asuba, awa 7 ke nan a shimfiɗa. Ya ce barcin gaske awa biyar da rabi ne. Raba 5.5 da 7, ka samu kusan kashi 79 cikin ɗari, wanda ke ba da maki 1 a sashen kason lokacin kwanciya da ya tafi a barcin gaske, tunda daga 85 zuwa sama ne 0, ƙasa da 65 kuma 3. To idan yana komawa bayan asuba har ƙarfe bakwai da rabi fa? Takardar an gina ta ne kan barci mai zango ɗaya, kuma ba ta tambayar ƙailula. Ka tsayar da ƙa'ida ɗaya kafin fita fili, ka bayyana ta a rahoto. Ni na fi son a ɗauki tashin ƙarshe a matsayin lokacin tashi, a cire lokacin sallah daga awannin barci, a kuma yi alama a gefe don a iya sake lissafi ta ɗaya hanyar. Masunta a Yauri da ke kwana kan ruwa da masu gadi, su kuma a ware su tun wajen zaɓen mutane.

Mene ne gwajin farko, kuma mutum nawa ake bukata?

Tsarin Beaton ya ce mutum 30 zuwa 40 daga irin waɗanda za a yi binciken a kansu. Ba maki ake nema a nan ba, fahimta ake nema. Bayan kowace tambaya ka ce, "Inna, da bakinki, me na tambaye ki?" sannan, "Me ya sa kika zaɓi wannan amsar?" Kada ka tambayi "Kin gane?" domin ladabi zai sa ta ce ta gane. Ka haɗa maza da mata, 'yan birni da 'yan ƙauye, masu boko da marasa shi.

Ka lura musamman da zaɓin amsa: ko sau ɗaya babu a watan, ƙasa da sau ɗaya a mako, sau ɗaya ko biyu a mako, sau uku ko fiye. "Ƙasa da sau ɗaya a mako" magana ce da ba a yi a gida. Sau da yawa sai an ce "jefi-jefi, ba kowane mako ba" kafin a gane. "Watan da ya wuce" ma na iya zama watan sama ko na boko. "Juma'a huɗu da suka wuce zuwa yau" ya fi zama a kai.

Su wa zan sa a kwamitin masana, kuma yaya ake lissafa ra'ayinsu?

Likitan ƙwaƙwalwa ko na jijiya, ma'aikaciyar jinya da ta daɗe a ɗakin marasa lafiya, malamin Hausa, masanin ƙididdiga, da masu fassarar. Kowa ya ba kowace tambaya maki 1 zuwa 4 kan dacewarta. Ka ƙirga waɗanda suka ba da 3 ko 4, ka raba da yawan masanan. Idan sun kai shida ko fiye, ana son kowace tambaya ta samu 0.78 zuwa sama. Wannan shi ne sahihancin ƙunshiya. Ra'ayin masana ne, ba ya maye gurbin bakin marasa lafiya.

Mutum nawa zan tara a babban gwaji?

Ƙa'idar da aka saba ita ce mutum 5 zuwa 10 ga kowace tambaya, wato 95 zuwa 190 ga tambayoyi 19. Idan za ka yi nazarin rukuni, wato duba ko sassan takardar abu ɗaya suke aunawa ko sun rabu gida-gida, ka nufi 200 ko fiye. Maimaita gwaji kuma, wato sake yi wa mutanen da aka tambaya tambayoyin bayan 'yan makonni, kada ya gaza mutum 50. Amma su wa ka tara ya fi yawansu muhimmanci. Idan duk ɗaliban ajinku ne, masu shekara ashirin da 'yan kai, abin da ka tabbatar na ɗalibai ne kawai, ba za a ɗauke shi a kai ɗakin masu hawan jini ba.

Mece ce alfa ta Cronbach, kuma nawa ake so ta kai?

Lee Cronbach ya bayyana ta a 1951. Tana nuna yadda sassan takarda ke tafiya tare: wanda ya samu maki mai yawa a wannan sashe, shin yana samu a sauran? Daga 0.70 zuwa sama ana karɓa. Idan ta haura 0.95, alama ce tambayoyin na maimaita juna. A PSQI a kan sassa 7 ake lissafa ta, kuma binciken asali ya samu 0.83. Manhajar ƙididdiga ta SPSS za ta fitar maka da ita cikin daƙiƙa, tare da abin da za ta koma in an cire kowane sashe.

Abin da ke damuna shi ne yadda ɗalibai ke mayar da ita ƙarshen magana. Alfa aminci take nunawa, shi ma fuska ɗaya. Idan kowa ya amsa "lafiya lau" ta hanya ɗaya saboda kunya, ko mai tambaya ɗaya na jan mutane zuwa amsa guda, za ta iya fitowa da kyau alhali takardar ba barci ta auna ba. Koma ka duba misalin sikeli.

Tawa ta fito 0.62. Aikina ya lalace ke nan?

Bai lalace ba, 'yar'uwa, kuma kada ki taɓa alƙaluman. Fara da duba shigar da bayanai: an rubuta 10 na dare a matsayin 10 na safe? An juya makin wata tambaya? Sannan ki duba sashen magani. A wuraren da kusan kowa ke cewa ba ya shan maganin barci, wannan sashe ba ya tafiya da sauran, kuma ya saba jan alfa ƙasa a bincike da dama. Takarda mai sassa bakwai kacal ma da wuya alfarta ta yi sama sosai, domin yawan sassa na ɗaga ta.

Ki ba da rahoton abin da kika samu, da abin da ta koma in an cire sashen, da dalilin da kike gani. Kada ki cire sashen daga takardar don adadin ya yi kyau: da kin cire, jimilla ta daina zama 21, iyakar maki 5 ta rushe, kuma ba mai iya kwatanta sakamakonki da na kowa.

Kwana nawa zan bari kafin in maimaita gwajin?

Tazarar da za ta sa mutum ya manta amsarsa amma barcinsa bai canja ba. Mako biyu zuwa huɗu aka fi yi. Ana lissafawa da ma'aunin ICC, mai nuna yadda makin zagayen farko da na biyu suka dace: ƙasa da 0.5 rauni ne, 0.5 zuwa 0.75 matsakaici, 0.75 zuwa 0.9 mai kyau, sama da haka mai kyau ƙwarai. Binciken asali ya samu dangantakar 0.85 tsakanin zagaye biyu. Ka fara zagaye na biyu da tambayar ko wani abu ya faru, kamar haihuwa, rasuwa, zazzaɓi ko sabon magani, ka ware waɗanda halinsu ya sauya.

Kalanda ce ke kayar da mutane a nan. Na ga aikin da aka yi zagayen farko a ƙarshen Sha'aban, na biyu ya faɗa tsakiyar azumi. Ga tarawihi, ga tashin sahur, goman ƙarshe ga tahajjud. Amsoshin suka watse, ba don fassarar ta yi muni ba, don barcin garin gaba ɗaya ya sauya. Haka tsallakawa daga sanyin hunturu zuwa zafin Maris da Afrilu, tunda takardar na da tambaya kan jin sanyi da jin zafi. Lokacin girbin shinkafa ma mutane ba sa dawowa asibiti don amsa tambaya. Ka karɓi lambar waya, amma in zagayen farko ido da ido ne, na biyun ma ya zama haka.

Ba mu da na'urar gwajin barci. Da me zan nuna sahihanci?

Rashinta bai tsayar da kai ba. Ko inda ake da ita, makin PSQI ba ya tafiya sosai da abin da na'urar ke nunawa, domin ita dare ɗaya ko biyu take aunawa a ɗakin gwaji, takardar kuwa yadda mutum ya ji watansa take tambaya.

Hanya ta farko ita ce kwatanta rukunin da aka san sun bambanta: masu zuwa asibiti da kukan rashin barci ko ciwo mai tsanani, da masu lafiya 'yan rakiya. In takardar sahihiya ce, makin na farko zai fi yawa. Ta biyu ita ce haɗa ta da wasu ma'aunai, ka rubuta hasashenka kafin ka ga sakamako. Ma'aunin tsananin rashin barci na Charles Morin, mai tambayoyi 7 da maki 0 zuwa 28, ya kamata ya tafi da ita sosai. Ma'aunin damuwa na PHQ-9 ya tafi da ita matsakaici. Ma'aunin Epworth na Murray Johns na 1991, mai tambayoyi 8 da maki 0 zuwa 24, gyangyaɗin rana yake aunawa, don haka raunin dangantakarsu ba abin tsoro ba ne. Sharaɗi ɗaya: abin da kake kwatantawa da shi ya zama shi ma an gwada Hausarsa. Ta uku ita ce littafin barci na mako biyu, mutum ko wani ɗansa mai boko na rubuta lokacin kwanciya da tashi kowace safiya.

Dole ne in yi nazarin rukuni?

In mutanenka sun kai, ka yi. Yana nuna ko sassan bakwai abu ɗaya suke aunawa ko sun rabu gida-gida. Masu takardar jimilla ɗaya suka tanada, amma Cole da abokan aikinsa a 2006 sun samu rukuni uku a kan tsofaffi, wasu binciken kuma biyu. Don haka in naka ya rabu, ba baƙon abu ba ne. Ka duba ma'aunin KMO, mai nuna ko bayananka sun dace da wannan nazari, ya kai 0.6 kafin ka fara, sannan ka gwada tsarin rukuni ɗaya da biyu da uku ka faɗi wanda ya fi dacewa da bayananka.

Zan iya amfani da iyakar maki 5 kai tsaye?

A binciken 1989 wannan iyaka ta kamo kashi 89.6 cikin ɗari na masu matsala, ta kuma tsame kashi 86.5 na masu lafiya. A mutanenka sai an gwada. Ana bukatar likita ya tattauna da kowane mutum ya yanke ko yana da ciwon rashin barci, ba tare da ya ga makin takardar ba, shi ma mai cika takardar bai san hukuncin likita ba. Sai a zana lanƙwasar ROC, zanen da ke nuna yadda kowane maki ke kamo masu matsala da tsame masu lafiya, a ga makin da ya fi raba su.

Ka yi tunanin mutum mai lafiya a Birnin Kebbi cikin Afrilu, ba wuta. Zafi sau uku a mako, tashin asuba da ya ƙirga a matsayin farkawa da wuri, awa shida na dare don yana cikawa da ƙailula. Makinsa ya fara taruwa tun bai yi kukan komai ba. In ba ka da damar yin wannan gwaji, ka yi aiki da 5 amma ka rubuta a fili cewa aro ka yi. Kuma ko an tabbatar da ita, takardar tantancewa ce, ba ita ke cewa mutum na da cuta ba.

Mafi yawan mutanena ba sa karatun boko. In karanta musu?

Ka karanta musu, ka kuma faɗa a rahoto cewa sigar da ka gwada ta karantawa ce. Ka karanta wa kowa, har da masu digiri, don hanya ta zama ɗaya. Mace ta tambayi mace, a keɓe, ba gaban miji ko suruka ko kishiya ba, tunda akwai maganar fitsarin dare da minshari da abokin kwana. Tun da masu tambaya sun fi ɗaya, sai an gwada amincinsu su ma: mutum biyu su tambayi mutum ɗaya a rana ɗaya, kowa shi kaɗai, a kwatanta.

Takardar yarda ma a karanta ta da Hausa, wanda ba ya sa hannu ya dangwala yatsa gaban shaida. Ka kuma shirya inda za ka tura wanda ka tarar cikin hali, kamar wanda iyalinsa suka ce numfashinsa na ɗaukewa cikin minshari, ko wadda rashin barcinta ya zo da kuka da fitar da rai. Ka yi magana da likitan da zai karɓe su tun kafin ranar farko.

In na gama, takardar ta yi wa duk jihar Kebbi ke nan?

Ta yi wa irin mutanen da ka gwada ta a kansu. Kebbi ba harshe ɗaya ba ce: akwai Dakarkari a ƙasar Zuru, Gungawa da Kambari a ƙasar Yauri, Zabarmawa da Dandawa wajen Kamba, ga Fulani ko'ina. Da yawansu na jin Hausar ciniki da gaisuwa sarai, amma kalma irin karsashi ko zogi na iya wuce su. Ka sa tambaya a farkon takarda kan harshen da ake yi a gida, ka duba ko amsoshin waɗanda Hausa ce harshensu na biyu sun bambanta. In za a kai takardar Zuru ko Yauri ko Kamba, a sake ɗan gwajin fahimta da mutum talatin na can kafin a buga da yawa. A rahotonka kuma ka rubuta garin da aka yi aikin, da watan, da ko azumi ne ko bazara, ka kuma ajiye jagorar masu tambaya tare da fassarar don wanda zai ɗora daga inda ka tsaya.